Yadda Na Koyi Kuka a Lifaful

Ni mutumin Ruwan Godiya ne ta ƙasar Faskari, kuma a inda aka haife ni namiji ba ya kuka. In an yi rasuwa, mata su ɗan saki murya a cikin gida, kafin muryar ta kai zaure wata tsohuwa ta tsawata musu. Maza kuwa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a zauna, ido a bushe. Wanda ya zo ya ce Allah ya ba da haƙuri, a ce amin, ya nemi wuri. Na ga mutumin da ya binne ɗansa da hantsi a Tafoki, da la'asar yana gyara shingen gonarsa. Ba wanda ya ce ba shi da tausayi. Cewa aka yi namiji ne.

Da wannan tarbiyya na fita duniya, 'yan shekaru kafin ƙasarmu ta sami 'yancin kai. Na koyi harsuna a hanya, Yarbanci da Tonancin mutanen Kumasi da Turanci, ban da Fillancin da na tashi da shi. Amma abin da ya fi ba ni wahalar koyo shi ne yadda kowace al'umma take kuka.

A Ikko aka fara ba ni darasi. Kwanana uku da sauka, ina zaune kusa da tashar jiragen ruwa, sai wani mutum ya ji ina Hausa ya rungume ni yana hawaye shaɓe-shaɓe, wai shi ɗan Kankara ne, shekara tara bai ga na gida ba. Na tambaye shi ranar da kasuwar Kankara ke ci, sai ya ƙara fashewa da kuka. Ni da ban taɓa ganin mai gemu yana haka ba, na ce lalle abin da ke cin wannan bawan Allah ya fi ƙarfin tambaya. Na ba shi ajiyar jakata na tafi alwala. Da na dawo ba shi ba jaka, har da bargon da kakata ta ba ni.

A Kumasi na yi shekara biyu ina dakon goro. Ranar da na fara cin karo da jana'izar Tonawa, gudu na yi na ɓuya a bayan huhunan goro, don na zaci gobara ce ko yaƙi. Mata cikin ja da baƙi suna kururuwa, ganguna na tashi, wata tana kuka tana rawa a lokaci guda, kuma ba ɗayan da ya hana ɗaya. A can na haɗu da Mamman, mutumin Sabuwa, wanda ya girme ni da shekara biyar kuma bai taɓa bari na manta ba. Shi ya jawo ni daga bayan huhunan yana dariya.

"Mi kake yi nan, ɗan Faskari? Mutuwa ce aka yi, ba kai suke nema ba."

Mamman ne kuma ya kawo labarin cewa a Takoradi jiragen ruwa na ɗaukar masu zuba kwal a tukunyar injin. Muka je aka ɗauke mu. Ba zan tsaya kan labarin jirgi ba. Duk wanda ya taɓa shiga rumbu da tsakar ranar bazara, ya ɗauka an rufe shi ciki an hura wuta, sannan rumbun yana lilo. Da muka isa Lifaful ta ƙasar Ingila aka ce jirgin zai shiga gyara, aka sallame mu, muka fito cikin wani sanyi da ban san Allah ya halicci irinsa ba.

Yini biyu muna ƙwanƙwasa ƙofofi. Wasu su leƙo ta taga su saki labule. Wata ta buɗe, ta kalle mu daga sama har ƙasa, ta ce ɗakin da ta rubuta a jikin gilashi yanzun nan aka kama shi. A ƙarshen wani layi na gidajen jan bulo muka sami wani tsoho gajere mai jan hanci yana share ƙofar gidansa. Bai tambaye mu daga ina muke ba. Ƙafafuna ya kalla, ya ga takalmin roba, ya juya ya ƙwala wa matarsa kira.

"Biridi! Ɗora ruwan shayi, ga wasu mutum biyu suna shirin mutuwa a ƙofata."

Sunansa Mika, matarsa Biridi. Su ma baƙi ne a garin, daga tsibirin Ailan suka zo tun suna matasa, kuma Baba Mika ya ce irin ƙofofin da aka rufe mana an taɓa rufe masa su. Suka ba mu ɗaki a sama. Mama Biridi ta ware mana tukunya da ba a dafa alade a ciki. Baba Mika ya ba ni kwat ɗinsa ta biyu, ya nemo mana aikin ɗaukar buhunan sukari a bakin ruwa. Da ya ga ina juye-juye a ɗaki ina neman gabas a garin da rana ba ta fitowa, sai ya ɗauko wani tsohon kamfas na matuƙan jirgi, ya auna, ya buga ƙusa a bango ya ce, "Garba, Ubangijinka yana ta nan."

Wata huɗu muna gidan, ana tsakiyar sanyi, Baba Mika ya sha shayinsa na safe ya jingina da kujera, bai sake tashi ba.

Ni da Mamman muka yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Muka ɗauko bargo muka shimfiɗa a ƙofar gida, kan daɓen da mutane ke bi, muka cire takalma muka zauna zaman makoki. Maƙwabta suna zuwa suna tsallake mu. Wata tsohuwa ta ajiye mana burodi ta wuce da sauri. Can sai ga ɗan sanda ya tsaya a kanmu ya tambayi abin da muke sayarwa.

Mamman ya ce, "Ba ma sayar da komai, ranka ya daɗe. Mai gidan ne ya mutu."

"Shi ya sa aka kore ku?"

Mama Biridi ce ta fito da jajayen idanu ta shigar da mu kafin mu daskare. A ciki muka tarar da abin da ya fi na Kumasi ɗaure kai. An kwantar da Baba Mika a falo cikin akwati buɗe, an sa masa kwat da laktaye kamar zai je ganin Razdan. Maza sun kewaye shi suna shan taba da abin da suke sha, suna ba da labarin ranar da ya faɗa ruwa yana bin hularsa, ana dariya har da buga ƙafa. Mamman ya raɗa mini, "Wanga gari, ko mutuwa ba ta da kwarjini."

Washegari da hantsi yayar Mama Biridi ta sauka daga jirgin Ailan. Sunanta Nora, mu muka sa mata Gwaggo Nora. Doguwa ce busasshiya cikin baƙin mayafi, hancinta kamar lauje. Tun daga yadda ta ajiye akwatinta na gane ta zo ne ta zauna, kuma daga ranar maganar gidan tata ce. Ta shiga falo, maza suka ɓoye kofuna. Ta tsaya a kan gawar ta zame mayafinta, farin gashi ya zubo. Sai ta buɗe baki.

Na ji kuka a ƙasashe da yawa, ban taɓa jin irin wannan ba. Ya fara daga ƙasa kamar kurciya, ya hau, ya hau, har kofunan da ke kan kanta suka ɗauki rawa. Tana yi tana lilo da jiki, tana tafa hannu, tana zuba magana cikin yarensu na Ailan. In ta kai ƙarshen numfashi, Mama Biridi da wasu mata uku su amsa da wani dogon sauti. Na ga Mama Biridi tana neman faɗuwa. Na duba mazan nan, ba wanda ya motsa. Na ce a raina, ashe duk ɗakin nan babu dattijon da zai tsawatar? Mutumin nan ya ba ni kwat. Ba zan zauna ana yi masa ihu a ka ba.

Na miƙe na shiga tsakiyarsu, na ɗaga hannu biyu, na tattara Turancina na jirgi.

"Mama, ya isa. Ku yi haƙuri. Kuka ba ya dawo da shi. Ku yi shiru, ku zauna."

Suka yi shiru kuwa. Wani mutum ya tsaya da lofe a hanyar bakinsa. Gwaggo Nora ta juyo a hankali, ta dube ni kamar ta ga kunama a kwanon tuwo.

"Biridi, wane ne wannan?"

"Garba ne, na ɗakin sama. Yaron kirki ne, Nora, bai sani ba ne."

"Na yi wa mamata wannan kuka fiye da yadda zan iya tunawa. Limaminmu ya taɓa hana ni a coci, na bi gawar na yi a maƙabarta. Ba a taɓa katse ni ba sai yau." Ta matso har ina jin warin tabar da take shaƙa. "Dubi idonsa. Wata nawa yana cin abincin Mika?"

"Huɗu."

"Wata huɗu, ko ɗigo babu. Gobe in an binne shi, wannan da abokinsa su kwashe kayansu. Ba na kwana gida ɗaya da dutse."

Da rana na fita neman wani ɗaki. Na bi layi shida cikin ruwan ƙanƙara, ƙofofin nan dai su ne, labulen nan su ne. Na dawo yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Na sami Mama Biridi a kicin tana feraye dankali, na durƙusa na ce ta gaya mini laifina, don wallahi alheri na nufa.

Ta ce, "Na sani, Garba. Amma abin da ka katse ba ihu ba ne. Keening ake ce masa."

Na ce na san kalmomin kuka na Turanci, akwai na yaro, akwai na shessheƙa, ban taɓa jin wannan a jirgi ba.

"Ba za ka ji a jirgi ba. Ba a yin sa don an mari mutum ko don albasa ta ƙone. Na mamaci ne kaɗai. Mace ta tsaya a kansa ta kira shi, ta faɗi ko shi wane ne, ɗan wane, abin da ya yi a duniya, ta yi masa faɗa don ya tafi ya bar mutane. A wurinmu wanda aka binne ba a yi masa ba, kamar an jefar da shi ne."

Sai muryar Gwaggo Nora ta fito daga bakin ƙofa, ashe tana tsaye. "Kuma kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Tamu ce, daga yarenmu. Sun ɗauke ta kamar yadda suka ɗauke komai, suka sa a littafi, amma ko ɗayansu bai iya yi ba." Ta juya ta tafi.

Na hau sama na gaya wa Mamman babu ɗaki a garin nan, kuma babu sassauci a wurin Gwaggo. Ya sosa gemu.

"To mi ta ce ta rasa? Hawaye ko? Sai mu ba ta hawaye."

"Mamman, ni rabona da kuka tun ranar da aka yi mini kaciya, ran nan ma kawuna ya harare ni na haɗiye."

"Kai dai ɗan Faskari ba ka da dabara. Mu a Sabuwa albasa muke nomawa."

Da safe, kafin a rufe akwati, aka sake taruwa a falo don kuka na ƙarshe. Mamman ya sato albasa daga kicin ya raba biyu, kowa ya naɗe rabi a hankici. Shirin shi ne in Gwaggo ta ɗauki murya, mu kai hankici ido mu matsa. Muka tsaya daga baya kusa da murhu. Ta fara, muka matsa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ɗakin ƙarami ne, tagogi a rufe, wuta na ci. Kafin hawayena ya sauko, mutumin da ke gabana ya fara shaƙar hanci yana waige-waige. Wata mata ta raɗa wa ta kusa da ita ko an bar miya a kan wuta. Ga shi Mamman ya wuce gona da iri, yana wani gurnani kamar raƙumi ana ɗora masa kaya.

Gwaggo Nora ta tsaya. Karo na biyu ke nan da na katse ta. Ta ratso mutane ta miƙo mini hannu. Na ba ta hankicina. Ta miƙa wa Mamman hannu, ya ba ta nasa. Ta warware, ta ɗaga rabin albasa sama kowa ya gani. Wani tsoho ya tuntsire da dariya har lofensa ya faɗi, ɗaki ya ɗauka. Na so ƙasa ta tsage.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta zuba albasar a aljihun rigarta, ta ce, "A garinku haka ake yi wa wanda ya ciyar da mutum?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. A garinmu namiji ba ya kuka. Zama muke yi mu yi shiru."

"Shiru. To in mutum ya yi abin kirki, wa ke faɗa? Ko shi ma shiru ne?"

Na ce ana faɗa, amma tun yana raye. In an yi gayyar noma, ko maharbi ya dawo da nama, akwai masu tsayawa su kira sunansa da ƙarfi su faɗi ko shi wane ne. Kirari muke ce masa.

"Ka iya?"

"Na taɓa yi wa yayana a gona."

Ta kama hannun kwat ɗin da ke jikina, ta ja ni har gaban akwatin. "Yi masa. Da yarenka. Ba na son Turancin nan naka, ya fi albasar muni."

Na tsaya ina kallon Baba Mika da jan hancinsa da ya koma fari. Na ce a raina, kirari dai ba kuka ba ne, ko a gaban Sarkin Noma zan iya yin sa. Na gyara tsayuwa kamar ina kan kunya a gonar Ruwan Godiya, na ɗaga murya da Hausa.

"Mika na Biridi! Gajere mai faɗin ƙofa! Kai ka ga ƙafa kafin ka ga fuska! Mai kwat biyu, ka ba baƙo mai kaurin! Mika, kai ka nemo gabas a garin da ba rana!"

Ina kai ƙarshen numfashi sai na ji Gwaggo Nora ta amsa da dogon sautin nan nasu, matan suka bi ta. Ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sun san inda ake amsawa. Na sake ɗauka. Na ce masa ya tashi, shayinsa na hucewa. Na tambaye shi wa ya bar wa tsintsiyar ƙofar gida. Na ce masa mutanen Ruwan Godiya ba su san shi ba, amma da sun san shi da sun ba shi gona a fadama. A nan muryata ta karye. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa yadda aka koya mini, abin ya ƙi haɗiyuwa. Ya fito ta hanci, ya fito ta ido, ya fito da wani sauti da ban san ina da shi ba. Na yi wa Baba Mika, na zarce na yi wa bargon kakata, na yi wa damina huɗu da aka yi shuka ba ni, har sai da Mama Biridi ta riƙe ni tana buga bayana tana cewa ya isa, in yi haƙuri.

Aka rufe akwati aka tafi maƙabarta. Da muka dawo na hau sama na fara naɗe kayana, don ba wanda ya ce mini an janye magana. Sai na ji Gwaggo Nora daga ƙasan matakala, tana magana da ƙanwarta da muryar da duk layin zai ji.

"Muryarsa kamar ta jaki mai mura, kuma ba ya jiran amshi. Amma ya san aikin. Bar shi a ɗakin."

"Abokinsa fa?"

"Shi ma. Tunda yana son albasa, daga yau shi ke yanka ta gidan nan."

Na zauna a bakin gado. Mamman ya rufe ƙofa ya tsaya a kaina yana murmushin mugunta.

"Ɗan Faskari, wallahi sai an ji wanga labari a gida. Garba na Ruwan Godiya, gaban mata, har da majina."

Na ɗaga kai na dube shi. Idanunsa sun kumbura sun yi ja, gemunsa a jiƙe.

"Kai kuma mi ya sami idonka?"

"Albasa ce."

"Albasar tana aljihun Gwaggo tun kafin in fara."

"Albasar Ingila ce," in ji shi, ya juya mini baya. "Tana da naci."

Shekara biyu muka ƙara a ɗakin nan. Bayan mun dawo gida mun yi shekara talatin muna haɗuwa, wani lokaci a Sabuwa, wani lokaci a kasuwar Kankara, a zaman suna da na makoki, kowa ido a bushe yadda ya kamata. Bai taɓa ba kowa labarina ba, ni ma ban ba da nasa ba sai yau da ba ya nan. Har ya koma ga Allah, in muka keɓe na tuna masa, cewa yake albasa ce.